Ɓuntun Shinkafa da Ruwan Rini: Abin da Yake Kamawa da Abin da Yake Bari

Tsohuwar marina irin ta Ƙofar Mata a Kano ba ta cika zubar da kaya ba. Baba ne da toka da ruwa. In rini ya mutu sai a kwashe dagwalon, a shanya, a ƙona ya zama katsi, a mayar da shi cikin sabon haɗi ko a yi laso da shi. Lissafin ya canza ne bayan da William Perkin ya haɗa galurar farko a Ingila a 1856, kamfanin BASF na Jamus kuma ya fara sayar da shunin masana'anta a 1897. Mai rinin shadda na yau galura yake saye a kasuwa, ya haɗa da soda da haidiro (garin sinadarin haidirosalfait da ke sa galura ta narke), in ya gama ya tuntsurar da bahon a kwata. A Kano, ruwan masana'antun Sharaɗa da Challawa yana gangarawa Kogin Challawa, na Bompai kuma yana bin rafin Getsi ya haɗu da na Jakara, inda masu lambu ke ban-ruwa.

Shi ya sa ɗalibai da malaman kimiyyar sinadarai suka daɗe suna gwada sharar gona wajen cire launin daga ruwan rini: ɓuntun shinkafa, ɓawon gyaɗa, totuwar masara, ƙodagon goruba, garin katako, da raken da aka matse a wurin yin mazarƙwaila. Kayan nan suna aiki. Sai dai akwai tazara mai faɗi tsakanin kwalbar gwaji da bahon marini, kuma a cikin tazarar nan ne yawancin ƙoƙarin ke faɗuwa.

Yadda kamun yake

Abin da ke faruwa ba shanyewa ba ne irin yadda soso ke shan ruwa. Ƙwayoyin galura suna maƙalewa ne a jikin abin da aka zuba, a fuskarsa da bangon ƙananan ramukansa. Bari mu kira abin da madamƙi. Sharar gona selulos ce da hemiselulos da lignin, kuma jikinsu cike yake da gurabe masu iya riƙe wani abu. Riƙon yana zuwa ta hanyoyi da dama, amma wadda ta fi tasiri a ɗanyen ɓuntu ita ce ta cajin lantarki, fozitif da negatif: kishiyoyi suna jan juna, masu kama ɗaya suna ture juna.

A ruwan da bai yi tsami ba, fuskar ɓuntu ko ɓawon gyaɗa tana ɗauke da cajin negatif. Galurar da aka fi gwaji da ita, metilin bulu, fozitif ce. Da an haɗa su sai kamu, ruwa ya washe, a rubuta cewa an cire kashi 95 cikin 100. Matsalar ita ce kusan babu mai rina auduga da metilin bulu. Shadda da atamfa auduga ne, kuma abin da ake rina auduga da shi galurar riyaktif ce, ko dairek, ko ta salfa, ko irin ta bat wadda shuni ke cikin danginta. Riyaktif da dairek negatif ne a cikin ruwa. Ɓuntu negatif, galura negatif, ruwan rinin kuma yana fitowa da pH (ma'aunin tsami: 7 tsaka-tsaki, ƙasa da haka asid, sama da haka irin soda) 10 zuwa 11 ko sama saboda soda, wanda ke ƙara wa ɓuntun cajin negatif. Sakamakon shi ne ruwan ya shiga ja ya fito ja.

Kowane madamƙi yana da wani matakin pH inda cajin fuskarsa ke zama sifiri. Ƙasa da matakin yana zama fozitif ya kama riyaktif, sama da shi yana zama negatif ya kama irin su metilin bulu. Gano shi ba wuya: a jera kwalabe masu mililita 50 na ruwan gishiri mai rauni, a daidaita pH ɗinsu daga 2 zuwa 12, a zuba giram 0.15 na madamƙin a kowace, a bari awa 24 zuwa 48, a sake aunawa. Kwalbar da pH ɗinta bai motsa ba ita ce amsar. Wanda bai san wannan lamba ba lalube yake cikin duhu.

Akwai kuma girman ƙwayar. Nauyin ƙwayar metilin bulu kusan 320 ne, na baƙar riyaktif da aka fi amfani da ita kuwa ya kusa 1,000. Ramukan da ba su kai nanomita 2 ba (nanomita kashi ɗaya ne cikin miliyan na milimita) suna karɓar ƙaramar, babbar kuma ta tsaya a bakin ƙofa. Galurar yadi tana bukatar matsakaitan ramuka, daga nanomita 2 zuwa 50. Don haka gawayin da aka yaba da faɗin fuska yana iya ba da kunya in duk faɗin a ƙananan ramuka yake.

Ɗanye, gawayi, ko ingantaccen gawayi

Mataki uku ne, kowane da kuɗinsa.

Ɗanye shi ne mafi araha. Ɓuntu kusan kashi 20 cikin 100 ne na nauyin shanshera, kuma duk wanda ya bi ta injinan casa a Kura ko Haɗeja ko Argungu ya ga tsibinsa. Amma ba a zuba shi yadda aka kwaso shi. A wanke ƙura da dusa, a tafasa minti 30 zuwa awa ɗaya, a zubar da ruwan, a maimaita har ruwan ya daina yin ruwan ƙasa. A shanya ya bushe ƙayau, ko a tanda a digiri 105 na Salsiyas. In aka tsallake wankin, sukari da tanin da ke jikinsa za su jiƙo cikin ruwan: launin galura ya ragu, amma dattin da ke cinye iskar ruwa ya ƙaru, bayan kwana biyu ko uku kuma duron da ake tace ruwan a ciki ya fara tsami da wari. Ɓawon gyaɗa da garin jan katako sun fi ɓuntu wannan hali. Faɗin fuskar ɗanyen kaya bai wuce murabba'in mita kaɗan a giram ɗaya ba, kuma abin da yake iya riƙewa na metilin bulu a ɗakin gwaji miligiram gomomi ne a kowane giram. Na riyaktif ya yi ƙasa da haka sosai.

Mataki na biyu shi ne a mayar da shi gawayi: a cika duron ƙarfe, a rufe, a bar ɗan rami don hayaƙi, a yi masa wuta daga waje zuwa digiri 400 zuwa 600. Ana samun kusan sulusin nauyin da aka zuba. In iska ta shiga, toka za a tarar, musamman in aka buɗe murfin kafin ya huce. Gawayin ba ya ruɓewa, ba ya fitar da launi, amma yawancin ramukansa a toshe suke da kwalta.

Na uku shi ne buɗe ramukan da sinadari. Hanyar da ta fi dacewa da ƙaramin wuri ita ce ta asid ɗin fosforik, domin ba ta bukatar wuta mai tsanani kuma tana ba da matsakaitan ramukan da ake nema. A auna busasshen kaya da asid nauyi ɗaya da ɗaya, a ƙara ruwa kaɗan don ya jiƙa ko'ina, ya kwana. A busar a digiri 110, sannan a gasa a rufe a digiri 450 zuwa 500 na awa ɗaya zuwa biyu. Inda babu ma'aunin zafi, ƙarfe yana fara nuna ja mai duhu a cikin dare a wajen digiri 525, saboda haka in jikin tukunyar ya soma ja, an kai iyaka, a rage wuta. In ya huce a wanke da ruwan zafi, a yi ta wankewa har pH na ruwan wankin ya kai 6 zuwa 7. Nan ne ake yawan yin ha'inci. Gawayin da bai wanku ba yana tsamar da ruwan gwaji, tsamin ya taimaka wa kamun riyaktif, a ɗauka gawayin ne ya yi ƙarfi. Bayan zubi biyu asid ɗin ya ƙare, ƙarfin ya tafi. Asid ɗin yana kuma cin tukunyar ƙarfe, don haka ta yumɓu mai murfi ta fi ƙarko. Aikin da ya yi kyau yana ba da faɗin fuska daga murabba'in mita 500 zuwa sama da 1,000 a giram ɗaya.

Ana yi da zink kulorayid, amma yana barin zink a ruwan wanki, an gudu ba a tsira ba ke nan. Potasiyam haidiroksaid yana ba da fuska mafi faɗi, sai dai yana son digiri 700 zuwa 800, kuma ramukansa ƙanana ne.

Ɓuntun shinkafa yana da nasa hali. Kusan kashi 15 zuwa 20 cikin 100 nasa toka ce, tokar kuma kusan duk silika ce. Silikar tana cike gurbin da ya kamata ya zama rami. In aka dafa gawayin ɓuntu cikin ruwan soda mai matsakaicin ƙarfi, silikar tana narkewa ta fita ta bar ramuka. Ga wanda ke da zaɓi, ƙodagon goruba da totuwar masara sun fi ba da gawayi mai ƙarancin toka, ƙodagon kuma yana da taurin da ba ya dagargajewa a cikin duro.

Lissafin da ke fallasa kashi cikin ɗari

Ana auna ƙarfin madamƙi da miligiram na galura a kowane giram. A ɗauki yawan galurar farko, a debe abin da ya rage, a ninka da yawan ruwan a lita, a raba da nauyin madamƙin. Misali: mililita 100 na ruwa mai miligiram 50 a lita, an zuba giram 0.5, an girgiza awa biyu, saura miligiram 5 a lita. An cire kashi 90, kowane giram ya riƙe miligiram 9. Yanzu a zuba giram 2 maimakon rabin giram, saura miligiram 1 a lita. Kashi 98 ke nan, lamba mai daɗin faɗi, amma kowane giram bai riƙe fiye da miligiram 2.45 ba. Kaya ɗaya ne, an dai ninka shi sau huɗu. Duk rahoton da ya ba da kashi cikin ɗari bai faɗi nauyin da aka zuba da ƙarfin ruwan farko ba, bai faɗi komai ba.

Lissafin Langmuir na 1918 da na Freundlich su ake ɗora sakamakon a kai don a hango iyakar abin da madamƙi zai iya riƙewa. Wannan iyaka ta ruwa mai kauri ce da aka bari ya daidaita. A ruwa mai tsarari da ke wucewa cikin minti talatin, abin da ake samu ya yi ƙasa da ita nesa.

Kurakuran gwaji guda uku sun cancanci a ambata, don suna yawan maimaituwa. Takardar tacewa da kanta tana kama metilin bulu, saboda haka a raba ruwan da na'urar juyi ko a bari ya kwanta. Galurar kwango ja tana komawa shuɗiya in pH ya sauka ƙasa da 3, na'urar auna launi kuma da aka saita a wajen nanomita 498 za ta nuna kamar ta ɓace alhali tana nan. Na uku, dole a ajiye kwalba ɗaya mai galura ba madamƙi, a yi mata duk abin da aka yi wa sauran. In ita ma ta washe, ba ɓuntun ne ya yi aikin ba.

Abin da ya kamata ya riga duron

Ruwan marina na gaske ba galura kaɗai ke ciki ba. Akwai soda, akwai sitaci da sabulu da zaren da ya tsinke, akwai gishiri mai yawa, domin rinin riyaktif yana cin giram 50 zuwa 100 na gishiri a lita don launi mai duhu. Kuma wani kaso babba na riyaktif, wani lokaci har ya kusa rabi, ba ya kama yadin, ruwa yake bi. In aka tura wannan kai tsaye cikin gawayi, sitaci da sabulu su ne za su riga galura cike ramukan.

Farko a raba ruwa. Ragowar baho mai kauri daban, ruwan ɗauraya daban. Na bahon kaɗan ne amma shi ke ɗauke da yawancin galura da gishiri.

In rinin na bat ne ko na salfa, wato wanda aka haɗa da haidiro ko salfaid, iska ita ce maganin farko. Wannan galura ba ta narkewa a ruwa sai haidiro ya sauya ta, kuma da ta sha iska take komawa gari, kamar yadda zane ke fitowa kore daga rijiyar baba ya koma shuɗi a hannun marini. A yi ta kwarara ruwan daga bokiti zuwa tanki, ko a sa ƙaramin famfon iska na wasu awoyi, sannan a bari ya kwana. Yawancin launin zai kwanta a ƙasa ba tare da an taɓa gawayi ba.

Sai bayan haka a sauke pH. Tsarin nan ba a juya shi: zuba asid a ruwan da haidiro ko salfaid bai gama mutuwa ba yana tayar da iskar salfa mai shaƙe numfashi, har da mai warin ruɓaɓɓen ƙwai wadda ke kisa a rufaffen wuri. A yi a fili, da safar hannu da tabarau, a tsarma asid ta hanyar zuba shi cikin ruwa, ba ruwa cikinsa ba, a riƙa ɗigawa ana dubawa da takardar pH har a kai 6.5 zuwa 7. Gaskiya ne riyaktif ta fi kamuwa a pH 2 zuwa 4, amma kai ruwa mai soda can yana cin asid mai yawa, sannan a sake sayen abin da zai dawo da shi tsakanin 6 da 9 kafin a zubar. A takarda yana da kyau, a aljihu ba ya fita.

Daga nan sai alif. A jera kwalabe biyar ko shida na lita ɗaya, a zuba alif daga giram 0.1 zuwa giram 1, a gauraya da sauri minti ɗaya, a hankali minti goma sha biyar, a bari rabin awa. Mafi ƙarancin adadin da ya ba da ruwa mai haske shi ne ma'aunin wannan rana. Gobe in launi ya canza a sake. Garin ƙwayar zogale ma yana wannan aiki, kuma ya dace da matsalar, domin furotin ɗinsa fozitif ne, yana dunƙule galura negatif. Illarsa ita ce in ya yi yawa ruwan yana ruɓewa.

Duron kansa

Duron roba na lita 200 ya isa ƙaramar marina. A ƙasa tsakuwa santimita 10, a kanta yashi mai tsabta santimita 5 zuwa 10, sannan madamƙi santimita 60, a danne da raga da wata tsakuwar don kada ya taso. Girman ƙwayar ya zama milimita 1 zuwa 2. Gari mai laushi ya fi saurin kamu a kwalba, amma a duro toshewa yake. A jiƙa madamƙin ya kwana kafin a zuba, don iskar da ke ramukansa ta fita. Ruwan ya shiga ta ƙasa ya fita ta sama, daga tankin da aka ɗora a bisa. In daga sama aka kwararo shi, yakan haƙa wa kansa hanya ɗaya ta gefen bango ya bar sauran a bushe.

Santimita 60 a irin wannan duro kusan lita 155 ne. Don ruwa ya samu minti 30 a ciki, kada gudunsa ya wuce lita 5 a minti, wato lita 1,000 cikin awa uku da minti ashirin. Yanzu a duba nauyi. Ɓuntun da ba a niƙa ba sakayau ne, wannan gurbi bai ɗaukar fiye da kilo 17 ko kusa. A ƙaddara kowane giram zai riƙe miligiram 10, giram 170 na galura ke nan gaba ɗaya. Marinar da ke zubar da lita 1,000 a rana mai miligiram 100 a lita tana fitar da giram 100 kullum. Duron bai kai kwana biyu ba ya ƙoshi. In iska da alif sun riga sun sauke galurar zuwa miligiram 20 a lita, zai kai mako guda. In kuma ingantaccen gawayin ƙodago ne, gurbin zai ɗauki wajen kilo 60, a miligiram 50 a giram kuwa ana maganar watanni. Wannan lissafi shi ke nuna matsayin madamƙi: mai share saura ne, ba mai ɗaukar kayan farko ba.

Duro ba ya ƙoshi gaba ɗaya a lokaci guda. Ƙasa ke fara cika, iyakar launin tana hawa a hankali. Ranar da ruwan fita ya kai kashi 5 zuwa 10 cikin 100 na launin shiga, an ɓalle. Inda babu na'ura, a ɗebi ruwan shiga a tsarma shi kashi ɗaya cikin goma a kwalba mai haske, a riƙa kwatantawa a gaban farar takarda. Duro biyu a jere sun fi ɗaya: na farko ya ƙoshi sarai, a cire shi, na biyu ya koma gaba, sabo ya shiga baya. Ta haka ba a zubar da madamƙin da bai gama aiki ba.

Ruwan da ya washe da kayan da ya ƙoshi

Ido yana ganin galura ko ba ta kai miligiram ɗaya a lita ba, shi ya sa washewar ruwa ke sa a saki jiki. Amma gawayi ba ya cire gishiri. Ruwan da ya fito fari tas yana iya zama da sodiyam ɗin da zai kashe ƙasar lambu cikin 'yan shekaru, ta daskare ta daina shan ruwa. Wurinsa shi ne a mayar da shi ɗaurayar farko ko wankin baho, ba ban-ruwa ba, ba shayar da dabba ba. Ƙa'idojin da NESREA, hukumar kula da ƙa'idojin muhalli ta Najeriya, ta fitar a 2009 kan masana'antun yadi da fata ma ba launi kaɗai suke dubawa ba.

Galurar kuma ba ta mutu ba, wuri ta sauya. Fiye da rabin galurar da ake sayarwa a duniya dangin azo ne, wasunsu kuma in suka ruɓe inda babu iska suna sakin sinadaran amin masu jawo sankara, irin su benzidin. Shi ne dalilin da ya sa Tarayyar Turai ta hana wasu daga cikinsu a kayan sawa a 2002. Shuɗi mai ruwan bula na riyaktif yana ɗauke da tagulla, wasu launukan da kuromiyam. Don haka ɓuntun da ya ƙoshi ba ya shiga abincin dabbobi, ba ya zama taki, ba a hura murhun girki ko na gashi da shi. Jibge shi a bayan marina kuwa jiran damina ne kawai, ruwan sama ya wanke shi ya mayar kwata.

Ana iya wanke galurar daga jikinsa, ruwan soda mai rauni ga riyaktif, asid mai rauni ko etanol ga irin metilin bulu, amma ƙarfinsa yana raguwa a kowane zagaye, kuma ana ƙarewa da 'yan litoci masu kaurin gaske da su ma sai an nema musu makoma. Gawayi ana iya sake gasa shi a rufe, tare da asarar wani kaso na nauyinsa kowane karo. Ga ƙaramar marina, abin da ya fi yiwuwa shi ne a shanya ƙosasshen madamƙi da laka ta alif a kan daɓen siminti mai rufi da ɗan bango, a tara a buhuna, a kai inda wuta ke wuce digiri 800 kamar tandar ƙona jan bulo, ko a cuɗa ɗan kaɗan cikin kwaɓin siminti na bulon katanga, bayan an jiƙa bulo ɗaya na gwaji cikin ruwa mako guda an ga bai saki launi ba.